Na ce na gaya masa kada ya zare wayar, alhali ban gaya masa ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a saka mini wannan ba tare da sunana ba, sunayen da zan ambata a ciki ma duk na canza su. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, wani lokaci har ina sa baki ina ba da shawara kamar ni ce ta kirki, ban taɓa kawowa a raina zan zo da tawa ba. Don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, wanda ya ga zai zage ni ya zaga, ba zan ji haushi ba, amma bayan zagin a gaya mini abin da zan yi.

Ni mace ce, shekarata talatin da ɗaya, ina da aure da yara biyu, a Zawaciki muke zaune. Kwamfuta na karanta, kuma shekara uku ke nan ina aiki a wani kamfani a Sharaɗa da ke gyara riɗi da zoɓo, a zuba a buhu a fitar ƙasashen waje. Duk abin da ya shafi kwamfuta a wurin a hannuna yake, kuma a ɓangaren ofis ni kaɗai ce mace. Ranar da na je intabiyu manajanmu a gabana ya ce shi bai ga yadda mace za ta yi wannan aikin ba, wai wa zai hau tsani ya ja waya, wa zai shiga ƙarƙashin tebur. Mai kamfanin, Alhaji, shi ya ce a ba ni wata shida a gani. Wata shida ta wuce, shekara ta wuce, amma har yau in intanet ta ɗauke ko da daga can kamfanin layin ne, sai Manaja ya yi mini wani irin kallo. Ba don in wanke kaina nake faɗin wannan ba, don ku san irin zaman da ake yi ne.

Akwai wani dattijo da zan kira Malam Habu, mutumin Jigawa ne, ya kusa shekara sittin. Ya yi shekara ashirin da wani abu a wata masaƙa a Bompai kafin ta rufe, daga nan ya dawo wurinmu, shi ke riƙe da ofishin lodi. Duk buhun da zai fita sai an manna masa sitika mai lambar kaya da zanen nan na layi-layi da ake haskawa da na'ura, to Malam Habu ne ke buga sitikar, da wata firinta ta musamman da ke kan teburinsa. Lokacin da na fara aiki kowa yarinyar kwamfuta yake ce mini, shi ne mutum na farko da ya kira ni Injiniya, kuma ba da zolaya ba. Ni kuma Baba nake ce masa. Ba ya jin kunyar tambaya, duk abin da na koya masa sai ya ɗauko wani ɗan littafi daga aljihun gaba ya rubuta da ajami, in ya rubuta sau ɗaya ba ya sake tambayata.

Bara kamfani ya kwashe manyan kwamfutocin tebur aka raba wa kowa laftof. Kowane tebur aka ajiye masa wani ɗan akwati da muke cewa dok, a jikinsa ake jona komai, allo, kibod, firinta, wayar intanet, sai waya ɗaya tak ta fito daga cikinsa ta shiga laftof. In za ka tashi da laftof ɗinka sai ka zare wannan wayar ka tafi, in ka dawo ka mayar, shi ke nan. Ni na bi ofis-ofis na koya wa kowa haka da bakina. Na tuna ma na ce wa Malam Habu, Baba ku zare ta duk lokacin da kuka ga dama, ba abin da zai lalace. Ya rubuta.

Wata biyu da suka wuce firintar sitikar ta fara tsallake wasu, wasu kuma in ta buga zanen ba ya karantuwa. Na bincika na ga masu ƙera ta sun fitar da sabon firmware da ke gyara wannan matsalar. Ga wanda bai sani ba, firmware wani ɗan shiri ne da ke zaune a cikin na'urar kanta, shi ke gaya mata yadda za ta yi aiki. Sabunta shi ba wani abu ba ne mai wuya, daga laftof ake tura shi ta waya, amma in aka katse shi a tsakiya, tsohon ya goge sabon bai gama shiga ba, na'urar tana iya mutuwa gaba ɗaya. Shi ya sa a takardar bayaninsu suka rubuta ɓaro-ɓaro cewa a cire firintar daga dok a jona ta kai tsaye da laftof, kuma kada wanda ke aikin ya bar wurin sai ya gama. Na karanta wannan. Ba zan ce ban gani ba, sau biyu na karanta.

Dalilin da ya sa ban bi ba, in na faɗa wasu za su yi dariya, mata ma'aikata kuma na san za su gane. Wayar firintar ta ƙarƙashin tebur ta bi, an ɗaure ta da sauran wayoyi a can jikin bango, kafin ka kwance ta sai ka durƙusa ka shige ƙarƙashin teburin. Ofishin lodi kuwa yana da wata babbar taga inda direbobi da 'yan dako ke tsayawa karɓar takarda, ba a raba wurin da maza. Akwai ranar da na taɓa durƙusawa a wurin ina gyara waya, na ji an yi wata magana a bayana an kwashe da dariya, har yau ban manta ba. Tun daga ranar nake kauce wa ƙarƙashin teburin nan. Kuma na sha sabunta wasu na'urorin ta cikin dok ba abin da ya faru, sau ɗaya ne wata sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, ta tsaya a rabi, na kashe na kunna ta dawo. Sai na ce a raina ai wannan gargaɗin don sababbin shiga aka rubuta shi.

Ranar wata Talata ce, an kira Azahar. Na zaɓi lokacin ne don na san ba a buga sitika in an tafi salla. Mun yi kiciɓis da Malam Habu a bakin ƙofa zai tafi masallaci, na gaishe shi, ya ce Injiniya an zo duba mu, na ce eh Baba, ya wuce. Iyakar maganar da ta shiga tsakaninmu ke nan. Na zauna na fara turawa daga laftof ɗinsa, ina zaton minti goma zai ɗauka, sai na ga yana tafiya a hankali ƙwarai, bayan kusan minti goma sha biyar, ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Sai na ce bari in je in yi salla in dawo kafin Baba ya dawo. Wallahi har na ɗauki biro zan rubuta kada a taɓa in ajiye a kan laftof ɗin, ban ga takarda a kusa ba, na ajiye biron na fita. Da na idar da salla wata ƙawata ta kira ni a kan maganar ankon bikin ƙanwarta, muka yi ta surutu, daga nan na buɗe kular abincina. Wannan shi ne abin da ya riƙe ni, ba wani uzuri ba, ba ciwon yaro ba, maganar atamfa ce da shinkafa.

Ashe a wannan tsakanin Alhaji ya shigo kamfani, Manaja ya aika Malam Habu ya kawo jerin kayan da za a loda a gani. Bawan Allah ya dawo daga masallaci, ya rufe laftof, ya zare waya ɗayar nan kamar yadda na koya masa, ya tafi. Ko da na dawo sai na tarar da firintar tana ƙyafta jar wuta, ɗan allonta fari fat ba rubutu. Ina gani na san abin da ya faru. Na gwada duk wata dabara da na sani har aka tashi daga aiki, ba ta ko motsa ba. Ga tireloli huɗu a tsakar kamfani suna jiran lodi, masu sayen kayan kuma ba sa karɓar sitikar da aka rubuta da hannu, kuma duk kamfanin ita kaɗai ce irinta. Sai da aka yi kwana biyar kafin wata ta iso daga Legas, kafin nan jirgin ruwan da kayan za su bi ya tashi ya bar su.

Washegarin ranar da abin ya faru Alhaji ya tara mu a ofishinsa, shi da Manaja da ni da Malam Habu. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Na yi bayanin cewa ana cikin sabunta firintar aka zare waya. Ban ambaci maganar dok ba, don na san ba wanda zai tambaya. Manaja ya juyo ya kalle ni, irin kallon nan da na gaya muku, ya ce, “To ke da kika fara aikin kika tashi, kin gaya masa kada ya taɓa?”

Jama'a ban shirya ƙarya ba, Allah ne shaidata ban shiga ofishin nan da niyyar yin ta ba. Amma na ga bakin Manaja ya riga ya haɗa maganar da ya shekara uku yana jira ya faɗa, sai kawai na ji kaina na ce, “Na gaya masa, a bakin ƙofa, lokacin da zai fita salla.”

Na ɗauka Baba zai musa. Da ya musa wataƙila da na ce au to ko na manta ne, a raba laifin. Sai ya tsaya yana kallon bakina, can ya sunkuyar da kai ya ce wa Alhaji, “Ranka ya daɗe, in Injiniya ta ce ta faɗa to ta faɗa, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ni ne ban ji ba.”

Manaja ya tashi ya nufi taga, ya ba mu baya, ya ce ba ka ji ba ko dai ka manta. Malam Habu bai amsa ba. Ya sake tambaya, shiru. Sai da ya juyo ya ɗaga murya sannan Baba ya yi firgigit ya ce na'am. A nan kowa ya gane kunnensa ne ke da matsala. Manaja ya shiga lissafo abubuwa, ranar da mai motar ɗaga kaya ya yi ta danna masa ham bai kauce ba, ranar da aka ce buhu sittin ya buga saba'in, abubuwan da a da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Alhaji ya ce a kai shi asibiti a duba kunnensa, kuma a dakatar da shi daga ofishin lodi sai an ga sakamako. Ina zaune a wurin, a gabana aka yanke haka. Sakamako ya fito, kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama saura rabi, likita ya ce ƙarar injinan masaƙa ce ta shekara da shekaru.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne bayan kwana uku da fitowar sakamakon. Ina ofishina da hantsi aka yi sallama, sai ga Malam Habu, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar ya zo wurin wani babba. Na ba shi kujera ya ƙi zama. Ya ce, “Injiniya, zuwa na yi ki yafe mini, na ja miki magana a gaban Alhaji, ga ki kina iya ƙoƙarinki.” Na ce Baba don Allah ku bari. Ya ce a'a, in bar shi ya faɗa. Ya gaya mini shekara huɗu ke nan ya san kunnen yana tafiya, ko iyalinsa bai gaya wa ba sai matarsa da ta gane da kanta. Ya ce shi ya sa ya juya teburinsa yana fuskantar ƙofa, don ya riƙa ganin bakin mai magana, kuma shi ya sa yake rubuta duk abin da na koya masa, don kada ya sa ni maimaitawa in gane. Yana ta lallaɓawa ne ya cika shekara biyun da suka rage masa ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Sai ya ce, “Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na yi ta tunani, na tuna gaisuwarmu a bakin ƙofa, amma na kasa tuna kin ƙara wata magana. Ko bayan na juya ne kika faɗa? Ta wane ɓangare kika tsaya, 'yata? In ta hagu ne ai ko ganga aka buga ba zan ji ba.”

Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, daga ni sai shi, ba Manaja ba Alhaji. Na ce, “Ta hagu ne, Baba.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “Alhamdu lillahi, to hankalina ya kwanta, na ɗauka ƙwaƙwalwar ma ta fara tafiya.” Ya yi mini addu'a, ya yi wa yarana addu'a da sunayensu, ya sa takalminsa ya fita. Na kulle ƙofa na yi kukan da ban taɓa yin irinsa a wurin aiki ba. Ƙaryar farko zan iya cewa tsoro ne ya sa ta suɓuce mini, ta biyun fa? Dattijo ya zo yana shakkar hankalinsa, na dube shi na tabbatar masa da abin da bai faru ba.

Ranar da sabuwar firintar ta iso, mai haɗawar da ya biyo ta ya duba tsohuwar, ya duba laftof ɗin, ya ce Madam ta dok aka tura ko. Na ce eh. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai abin da zai rubuta shi ne an katse aiki a tsakiya, sauran ba ruwansa, ya koma Legas. Sabuwar ma sai da aka sabunta ta, kuma a ranar na durƙusa na shiga ƙarƙashin teburin na kwance wayar na jona kai tsaye. Ko minti biyu ban yi a ƙasan ba, taga cike da direbobi, ba wanda ya ko kalle ni, hankalinsu na kan takardunsu. Cikin minti bakwai aikin ya gama ina zaune ina kallo. Abin da na guje wa ke nan.

Yanzu halin da ake ciki, an dakatar da Malam Habu amma kullum sai ya zo. Yana zama a benci wajen masu gadi daga safe har a tashi, ya ce bai saba zaman gida ba, kuma bai san me zai ce wa maƙwabta ba. Ni kuma ba ni da wata hanyar shiga sai ta gabansa. In na gaishe shi sai ya juyo mini da kunnen dama yana murmushi, ya ce ta nan za ki riƙa bi yanzu Injiniya. Asirin da ya shekara huɗu yana rufewa ya zama abin wasa, 'yan dakon da a da ba sa iya haɗa ido da shi yanzu ihu suke yi masa a kunne suna dariya, shi ma ya taya su. Na koma shigowa da sassafe don in riga shi, sai na ga ashe ya fi ni sammako.

Makon jiya na kasa daurewa na gaya wa maigidana komai. Da farko ya yi mini faɗa sosai, ya ce bai taɓa zaton haka daga gare ni ba, har ya yini bai kula ni ba. Da ya huce kuma sai ya ce in yi shiru. Hujjarsa ita ce kunnen nan dai da gaske ya mutu, ba ni na kashe shi ba, ko ba jima ko ba daɗe za a gane, kuma ko na je na tona kaina takardar asibiti ba za ta goge ba, ƙarshenta a kore ni shi ma a sallame shi, an yi biyu babu. Ya ce in yi istigfari, in roƙa masa sassauci a wurin Alhaji, mu kuma mu riƙa kyautata masa ta bayan fage. Na ce masa ai akwai bambanci tsakanin a ce mutum ya tsufa kunnensa ya yi rauni, da a ce sakacinsa ya sa kaya sun rasa jirgi, na farko ana iya canza masa wurin zama, na biyu kora ce. Ya ce ni dai na cika taurin kai, in tuna wahalar da na sha kafin in sami aikin, in tuna in Manaja ya samu wannan a hannu ba ni kaɗai ba, duk wata mace da za ta zo neman aiki a wurin bayana ta gama yawo. Muka rabu a kan kowa na kan bakansa, har yau maganar in ta taso sai mun yi sa-in-sa.

Mahaifina malami ne, da almuru yake zama da ɗalibai manya a zaure yana karantar da su, a gidan da na tashi ba a wasa da maganar shaidar zur. Ban gaya masa ba. Na je gida ranar Juma'a da niyyar faɗa, na zauna a gabansa muka gaisa, ya tambaye ni aiki na ce lafiya lau, na tashi. Na san abin da zai ce, kuma ina jin shi ya sa ban tambaye shi ba. Wataƙila ma shi ya sa na zo nan, ina neman wanda zai gaya mini wani abu daban. Gara in faɗa muku gaskiyar wannan ma.

Shekaranjiya na yi ta maza na nufi ofishin Manaja, na shirya maganata tun daga gida, na ce yau ko me zai faru sai na faɗa. Ina shiga kafin in buɗe baki ya ce in zauna. Ya ce shi mutum ne da in ya yi kuskure yana faɗa, ya lura da yadda na tsaya a kan matsalar nan ba dare ba rana har aka tashi sabuwar firinta, ya janye maganar da ya yi a kaina ranar intabiyu. Shekara uku ina jiran wannan kalmar daga bakinsa, sai ga ta ta zo a ranar da ba na iya haɗiye ta. Ya ce Alhaji yana so in tsara doka a rubuce kan yadda za a riƙa sabunta na'urori, in tara ma'aikata in koya musu don kada irin sakacin Malam Habu ya sake faruwa. Haka ya ce, sakacin Malam Habu. Sannan ya miƙo mini rahoton da za a kai gaban kwamitin da zai zauna ranar Alhamis a yanke ko a canza wa Baba wurin aiki ko a sallame shi. A layi na huɗu an rubuta cewa jami'ar kwamfuta ta gargaɗi ma'aikacin da baki kafin faruwar abin. A ƙasa an bar mini wurin sa hannu. Na ce zan karanta in dawo da shi, na fito ban faɗi ko kalma ɗaya daga abin da na shirya ba.

To jama'a ga inda nake. Sa hannu dai na san ba zan iya ba, in na sa ƙarya ta uku ke nan, kuma wannan a rubuce. Amma in na ƙi sawa dole a tambaye ni dalili. Wani lokaci sai in ce in bari sai ranar Alhamis in faɗa a gaban kwamiti kowa ya ji, tunda a gaban mutane na ɗora masa, wani lokaci kuma in ce in sami Alhaji shi kaɗai tun kafin ranar, ko zai rufa mini asiri ya gyara maganar ba tare da Manaja ya ji ba, sai kuma in ga ai wannan ma kaina nake ta karewa. Waɗanda suka san dokar aiki don Allah ku gaya mini, in na faɗi gaskiya akwai yiwuwar ta cece shi, ko kuwa maigidana ne ke da gaskiya, takardar asibiti ta riga ta gama da shi?

Sannan shi kansa Baba. Na san shi ya fi kowa cancantar ya fara ji, amma wallahi na fi tsoron zama a gabansa fiye da gaban kwamitin. Ba faɗansa nake tsoro ba, da zai yi faɗan ma da na samu sauƙi. Na san halinsa, ina gama faɗa zai ce na yafe miki 'yata, ki yi shiru da bakinki, ke yarinya ce kina da sauran gaba, ni na riga na gama. Malaman da ke cikin zauren nan ku taimaka mini da wannan, in wanda na zalunta da kansa ya ce in yi shiru, ya halatta in karɓa in ci gaba da zama a kujerata shi yana benci a bakin get? Ko kuwa ko ya yafe sai na je na wanke shi a gaban waɗanda na ɓata shi?

Yau Litinin. Takardar tana cikin jakata, gobe da safe kuma zan sake wucewa ta gabansa ya juyo mini da kunnen dama. Don girman Allah ku gaya mini da wa zan fara, kuma me zan ce.